Sannu-Sannu da Ranar Tafki

Ba wanda ke tuna wanda ya fara kiransa Sannu-Sannu, amma duk wanda ya taɓa bin bayan motarsa ya san dalili. Direban motar makaranta ne, wata doguwar bas mai ruwan ɗorawa da rana ta cinye fentinta. Idan ya hau titi masu babur su wuce shi, masu keke su wuce shi. Wata rana har wani tsoho mai tura baro ya wuce shi, ya waiwayo ya ce, "Direba, in sauri kake yi hau nan in rage maka hanya." Yara suka yi ta ƙyaƙyatawa har ƙofar makaranta. Shi ma ya taya su. Ya ce kayan da ya ɗauko ba sa son girgiza.

Da ƙuruciya yaron mota ya yi a manyan motocin kaya, yana kwana a kan buhuna, yana koyon tuƙi da kallon ƙafafun ubangidansa. Daga nan ya ja tasi, amma bai daɗe ba, don fasinjoji sauka suke yi a tsakiyar hanya suna tsaki. Makaranta ce kaɗai ta ga amfanin mutumin da ba ya gudu. Ya kama aikin gashinsa baƙi wuluk, ga shi yanzu furfura ta mamaye gemun.

Abin da ya fi so a motar shi ne dogon madubin da ke saman kansa. Yaro yakan shigo madubin nan ɗan mitsitsi, ba a ganin komai nasa sai tsakar kai da igiyar gorar ruwa. Shekara ta juyo, sai ga goshi, sai ga idanu, sai ga haƙoran da suka faɗi sun sake tsirowa. Wata rana kuma kujerar ta zama ta wani. Da safe, idan hantsi ya bugi gilashi, yakan ga kamar duk yaran da ya taɓa ɗauka suna zaune a ciki gaba ɗaya, wasu a cinyar wasu, har da waɗanda yanzu suke goye da nasu. Sai an danna masa hon daga baya yake tuna danja ta ba da hannu.

Shi kansa bai yi nisa a makaranta ba. Lamba yana gane ta, alamar hanya ya san ta da siffa da launi, amma rubutu, in ya ƙura masa ido, sai baƙaƙen su soma watsewa kamar tururuwan da aka ɗage wa dutse. Yana tuna ranar da malami ya tsayar da shi gaban allo da alli a hannu. Aji ya yi tsit, sannan dariya ta taso daga baya, tana matsowa kamar ruwan sama a kan kwano. Daga ranar bai sake komawa ba. Ba ya ba kowa wannan labari, matarsa kaɗai ta sani.

Shi ya sa a duk ranakun shekara babu wadda yake ƙauna kamar ranar tafki.

Sau ɗaya a shekara ma'aikatar ilimi ta jiha takan aiko wa 'yan aji huɗu na kowace makaranta jarrabawa, rana ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, cikin manyan ambulan masu hatimi. Ba a cin aji da ita, ba a faɗuwa, ana yi ne don a san inda kowace makaranta take tsaye. To, a makarantar su Sannu-Sannu akwai wani tsari da aka saba da shi har ba a ganinsa. Ana gobe jarrabawa Hedimasta zai zaga aji, ya dafa kan wasu yara, waɗanda karatu ke yi wa gardama, ya ce sun ci kyautar yawon buɗe ido. Washegari sauran na fiƙe fensir, su kuma suna hawa bas. Idan sakamako ya fito kuwa, sunan makarantar yana can sama, har an rubuta a ƙyalle an rataya a bakin ƙofa.

Tafkin yana bayan gari, inda kwalta ta ƙare bishiyoyi suka haɗa kai a saman hanya. Ruwa ne shimfiɗe, shiru, gajimare na kwance a cikinsa kamar wanki da aka manta. Fararen tsuntsaye suna tsaye da ƙafa ɗaya a gefe, ba sa tashi sai yaro ya zo dab da su. Yaran da a aji ba a jin muryarsu, a nan sai ka rantse ba su ba ne. Su naɗe wando, su shiga ruwa iya gwiwa, su yi ta ihu. Sannu-Sannu yakan kwanta a inuwar motar ya rufe fuska da hula, yana jin dariyarsu tana zuwa tana komawa tare da iska, yana cewa a ransa: da a ce ranar allon nan wani ya zo da mota ya ɗauke ni. A ganinsa ceto yake yi. Bai taɓa tunanin wani abu daban ba.

Sai ga shekarar da Auta ta shiga aji huɗu.

Auta ta zo musu ne bayan an fid da rai, yayyenta duk sun yi aure sun watse. Yarinya ce mai baki kamar rediyo. Ta iya muryar kowa: Hedimasta yana gyaran murya kafin ya yi faɗa, mai sayar da ruwa, maƙwabciyarsu tana kiran kajinta. Abu in ta ji sau ɗaya ya zauna. Ranar da aka dafa kanta, tun daga ƙofar makaranta har gida tana tsaye a bayan kujerar babanta tana yi masa waƙar tafki a kunne, shi kuma yana kaɗa kai yana murmushi.

Suka tarar da Maman Auta a tsakar gida da la'asar, tana yanka albasa a faranti. Ita ma a makaranta take aiki, amma ta tsallaken titin jirgi, inda take dafa wa yara abincin rana.

"Mama, an dafa kaina! Gobe sai tafki!"

Wuƙar ta tsaya. "Gobe ba ranar jarrabawa ba ce?"

"Ita ce," in ji Sannu-Sannu, yana cire takalmi.

"Auta, je ki kwaso mini shanya." Ta jira har yarinyar ta zaga baya. "Baban Auta, shekara da shekaru kana kwashe 'ya'yan mutane kana ɓoyewa a bakin ruwa, ban ce maka uffan ba, na ce aikinka ne. Yau kuma tawa za ka kwasa?"

"Ɓoyewa? Ke dai bakinki ba birki. Hutu ake ba su. Kin san abin da mutum ke ji in an ajiye masa takarda a gaba, kowa na rubutu, shi yana kallon ƙusar tebur?"

"Na sani, ai kai ka gaya mini. Ni ma tsaya in gaya maka abin da idona ya gani. Mu can kowa zama yake yi, har wanda ke rubuta sunansa a juye. Bara waccan da sakamako ya fito mu ne a gindin tukunya, shugabarmu har da hawaye. Ba a daɗe ba sai ga wata malama an turo daga ma'aikata, siririya kamar tsinke, murya kamar ta mutum uku, da kwalaye na littattafai. Kullum bayan an tashi tana tare da waɗanda suka maƙale. Yanzu yaran nan sun hana ni sakat a kicin. Mama, wannan gwangwanin an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi. Mama, wannan ya kusa lalacewa. Ku da kuke sama, me aka aiko muku?"

Ya sosa gemu. "Takardar yabo."

"Sai a jiƙa a ba Auta ta sha."

"Ke fa kina da neman magana. Auta ai tana karatu. Da kunnena nake jin ta."

"Da kunnenka. Ita ma da kunnen take yi." Ta ɗaga murya. "Auta! Zo da littafinki."

Yarinyar ta zo ta zauna a bakin tabarma, ta buɗe, ta karanta labarin wani manomi da akuyarsa tiryan-tiryan, har da canza murya in akuya za ta yi magana. Sannu-Sannu ya dubi matarsa yana ɗaga gira. Ita kuwa ta goge hannu a zane, ta miƙa yatsa ta juya shafuka zuwa can ƙarshe.

"Nan fa?"

"Ba a zo nan ba tukuna."

"Na sani. Wannan kalmar kaɗai."

Auta ta dubi kalmar. Ta dubi hoton da ke gefe. Ta yi dariya, ta ce, "Jirgi?" Uwar ta girgiza kai. Ta sake duba, yatsanta yana bin layin yana dawowa, murmushin yana nan a fuskarta amma ba kowa a cikinsa. Sannu-Sannu ya san wannan kallon. Bai taɓa ganinsa daga waje ba sai yau.

"Je ki yi wasa," in ji uwar a hankali. Da yarinyar ta tafi ta ce, "In likita ya zo zagaye ka tura marar lafiya ƙarƙashin gado, wa zai ba shi magani? Ni ban ce ta ci ba. Na ce a gan ta."

Sannu-Sannu ya miƙe. Ya ɗauki bokiti ya fita wanke motar da ya riga ya wanke.

Da safe yaran suka hau suna tsalle, kowa da gorar ruwansa. Malama Ƙarama, wadda aka ɗora wa rakiya, ta zauna a gaba da kwalin biskit a cinya. Ta tagogin babban ɗakin taro ana hango sauran 'yan ajin a jere, kowa da teburinsa. Sannu-Sannu ya tayar da mota, ya fita, ya bi ta gaban shagunan da ake buɗewa, ta gaban mai faci yana jera tayoyi, yana tafiya a hankali fiye da kullum, har motar kamar ba ta taɓa ƙasa. Auta tana tsakiyar kujerun baya tana kwaikwayon kukan tsuntsun da ba ta taɓa gani ba.

A babban shataletale hanyar tafki ta dama ce. Ya wuce ta. Ya zagayo, ya sake wuce ta. Shaguna suka zo suka wuce, suka sake zuwa, mai faci ɗaya ya zama kamar masu faci da yawa.

"Baba Sannu, jiri!" yara suka ɗauka da ihu, suna faɗawa jikin juna.

"Baba, ga hanyar can fa," in ji Malama Ƙarama.

"Na gan ta, Malama."

"To?"

"Sitiyarin ne ya ƙi."

"Don Allah, Baba, kar ka ja mini. Ni cewa aka yi in raka su."

Ya ɗaga murya. "Jama'a, wa ke son tafki?"

Motar ta kusa tsagewa.

"Wa ke son jarrabawa?"

Tsit. Can wani ya yi kukan akuya, aka fashe da dariya, muryar Auta a sama da ta kowa. Ya dube ta a madubi. Ya yi tunanin 'ya'yan mutane ba nasa ba ne da zai yanke musu hukunci. Amma ɗaya a ciki tasa ce.

"Malama, abu ɗaya zan ajiye a makaranta, sai mu wuce."

Ya tsaya a bakin ƙofa bai kashe injin ba. Ya bi tsakanin kujeru har baya, ya miƙa hannu.

"Auta, sauko."

"Baba, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, uwata. Sauko."

Da ta gane, sai ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. "An dafa kaina fa! Hedimasta ne da kansa! Baba, ka ce akwai tsuntsaye!" Sai da ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ja ta suka ratsa filin makaranta, takalmanta na jan ƙasa, tana kuka irin na wanda aka yi wa fashi da rana tsaka.

A ƙofar ɗakin taro Hedimasta na tsaye da wata mata mai jakar fata, jami'ar da ma'aikata ta turo ta sa ido. Hedimasta gajere ne mai tabarau, ba mugu ba, ya san sunan kowane yaro da na uwarsa. Ya tare su da sauri.

"Baba Direba, lafiya? Mota ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe. Wannan na kawo. Za ta zauna."

Hedimasta ya rage murya. "Haba, Baba. Kai ma ka san ba za ta iya ba. Tausayinta na ji."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma shi nake ji. A bari dai su gani can ma'aikata cewa ba ta iya ba."

"'Yar aji huɗu ce?" in ji jami'ar, tana matsowa.

Kafin a ba ta amsa, wani daga cikin yaran da suka gaji da jira ya haye kujerar direba ya kwanta a kan hon. Ƙarar ta cika filin. Matar ta juya. Ga bas a bakin ƙofa, kowace taga da fuska a manne.

"Su kuma waɗancan?"

Hedimasta ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Malama Ƙarama ce ta amsa daga matakalar mota, kwalin biskit a rungume. "'Yan aji huɗu ne, ranki ya daɗe."

"Ikon Allah. Dama ina ta mamakin ragowar takardun nan." Jami'ar ta dubi agogonta. "A sauko da su. Ba a fara ba tukuna."

Suka sauko ɗaya-ɗaya, ba mai tsalle. Kowa ya zo wucewa sai ya harari Sannu-Sannu. Wata 'yar gajera mai giɓi ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba Sannu, ka ci amana," ta wuce. Tebura ba su isa ba, don ba a taɓa shirya wa waɗannan wuri ba. Shi ya yi ta ɗauko benci daga ajin ƙasa a kafaɗa yana jerawa a bayan ɗakin. Da ya ajiye na ƙarshe Hedimasta ya same shi a baranda.

"Ka san abin da ka yi wa makarantar nan yau?"

"Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe."

"Ni ma haka. Kashe motar, ka ajiye makullin a ofis. Ma yi magana."

Ya ajiye. Ya dawo ya zauna a gindin bishiyar da ke kusa da tagar baya, inda zai iya hango ta. Makarantar ta yi wani irin shiru da bai san ta da shi ba, don bai taɓa zama a cikinta a irin wannan rana ba. Ba a jin komai sai ƙus-ƙus na fensir a kan takarda, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Haske ya faɗo ta taga ya kwanta a kan kawunan yara. Auta na ƙarshen benci, takarda a gabanta, hannuwa a cinya, hawaye bai gama bushewa ba. Na kusa da ita ya juya shafi. Ita ba ta motsa ba. Ƙafafunsa suka ce ya tashi ya shiga ya ɗauke ta, har sai da ya riƙe gwiwoyinsa da hannu. Inuwar bishiyar ta janye daga kansa bai sani ba. Can dai ya ga ta ja hanci, ta ɗauki fensir, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko, leɓunanta suna motsi.

Da aka tashi, a ƙafa suka tafi gida. Bai san hanyar tana da nisa haka ba. Auta na gaba, jaka a baya, ko waiwaye. Ya saya mata alawa a wani shago, ta karɓa ba ta dube shi ba. Sai da suka kusa titin jirgi ta rage tafiya har ya cim mata.

"Tambayar farkon ma ban gane ba," ta ce wa hanya.

"To."

"Ta biyun ma. Akwai ɗaya mai hoton kifi, ita na yi. Da wata ta lissafi." Ta tsotsi alawar. "Wa zai duba?"

"Wasu ne can a ma'aikata."

"Za su yi dariya?"

Ba ya son yi mata ƙarya. "Ban sani ba. Mamanki dai ta ce in sun gani malama suke turowa."

"Mai murya kamar ta mutum uku?"

"Au, kina ji ashe?"

"Shanyar ba ta da nisa." Ta harbi wani dutse. "Za su san tawa ce?"

"Ba kin rubuta sunanki ba?"

"Na rubuta." Ta yi ɗan tunani, ta ɓata fuska. "Da ka gaya mini tun farko, ai da na gyara rubutun."